Hannun Huɗu-da-Rabi a Zauren Masallaci

Idan yana kusa Magini ake ce masa, idan ya ba da baya kuwa Huɗu-da-rabi. Sunan ya bi shi tun yana saurayi, ranar da wata azara ta suɓuce daga kan gini ta datse masa rabin yatsan tsakiya na hannun hagu. Bai taɓa son sunan ba, kuma bai cika son masu faɗinsa ba, wato kusan duk garin ke nan. Gajere ne, busasshe, mai saurin hawa, wanda ko gaisuwa sai ya ga dama yake kai ta ƙarshe. Amma in dai maganar yaɓe ce, ko wanda ba sa ga maciji da shi ba zai ja ba.

Garin nasu a tsakiyar hamada yake, a kan tsohuwar hanyar ayari, kuma abu biyu ne suka riƙe shi: rijiya da masallaci. Masallacin na ƙasa ne, tsoho tukuf, da hasumiyar da matafiyi ke hangowa tun yana da sauran tafiyar rabin yini. Shekara arba'in da 'yan kai Magini ne ke kula da bangonsa. Ya san inda iska ke cinye shi, ya san inda rana ke tsaga shi, ya san kusurwar da jakuna ke zuwa su sosa jiki. Ƙasarsa ma ba irin ta kowa ba ce. Sai ya kwaɓa ta da ƙaiƙayi da kashin jaki, ya tattake da ƙafa, ya rufe ta kwana bakwai har ta ruɓa ta yi wari, sannan ya ce ta nuna. Ba ya shafa ta da ƙarfe, da tafin hannu yake bi. Duk wanda ya ce masa siminti ya fi sauƙi, ranar zai ji abin da bai shirya ji ba.

A duk tsawon shekarun nan kuskure ɗaya ya bari a jikin ginin. Akwai wani ɗan zaure a ƙofar arewa, inda ake tuɓe takalma. Wata rana da hantsi yana cikin yaɓe shi, sai wani matashi ya shigo a guje ya yi masa albishir cewa matarsa ta sauka lafiya, bayan shekara tara suna jira. Magini ya duro daga tsani, ƙafarsa ta zame, ya dafa ɗanyen bango da hannun hagu don kada ya faɗi. Bai ko waiwaya ba. Kafin ya dawo washegari zafi ya riga ya busar da ƙasar, ga shatin hannunsa nan daidai ƙirjin mutum, yatsu huɗu da rabi, har layukan tafin ana gani. Shafe shi ba zai ci masa rabin awa ba. Amma ya tsaya ya dube shi, ya ji daɗi, ya ce a ransa wa zai kula. Zaure ne mai rufi, ruwa ba ya taɓa shi, iska ba ta shiga, don haka ba a sake bukatar yaɓe shi ba. 'Yar da aka haifa ranar ta girma, ta yi aure a wani gari mai nisa, hannun yana nan inda yake.

A wancan zamani masallacin wuri ne mai sanyi da shiru. Tsakanin azahar da la'asar ba a jin komai sai tarin wani tsoho ko munsharin matafiyin da ya miƙe a bayan ginshiƙi. Magini ya fi son wannan lokaci, don ba mai yi masa magana.

Sai aka kawo kwalta. Da kwaltar baƙi suka zo, 'yan yawon buɗe ido, a cikin dogayen fararen motoci masu jarkoki a sama. Bin garuruwan hamada suke yi ɗaya bayan ɗaya, su kwana nan su wuni can, kowane gari su ɗauke shi a hoto su yi gaba. Su sauko rana ta gasa su jawur, sun naɗe kai da ƙyallen da suka saya a tasha, irin naɗin da ko mahaukaci zai ji kunyarsa. A ƙofar masallaci a ba matansu zane su rufe cinya, su ɗaura suna ƙyalƙyala dariya. Su shiga su leƙa nan, su ƙwanƙwasa can, su tsaya a bayan sahu suna ɗaukar mutane a cikin sujada. Wani ma ya taɓa tambaya ko za a iya maimaita kiran salla, wai kyamararsa ba ta kama na farko ba. Kada kuma a ɗauka duk daga ƙetare suke. Akwai 'yan birni masu hannu da shuni, waɗanda suka san alwala sarai, su zo su jingina da mumbari a ɗauke su, da an kira salla su fice neman abinci. Waɗannan Magini ya fi tsana.

Shi dai bai ɓoye ƙiyayyarsa ba. In suka ɗaga masa kyamara yana kan tsani, sai ya juya musu baya, ko ya saki dunƙulen ƙasa daidai kan takalmansu ya ce suɓucewa ya yi. Abin haushin shi ne hakan burge su yake yi. Tsoho mai faɗa a kan tsohon gini, ai abin da suka biyo hanya nema ke nan.

Wanda ya ɓallo masa ruwa kuwa ɗan gida ne. Ƙanwarsa ta rasu ta bar ɗa guda, a gidan Magini ya tashi, a kwanonsa ya ci. Magini ya so ya gadar masa da sana'a, amma hannun yaron ba ya son ƙasa, bakinsa ne mai aiki. A tasha ya tsinci harsuna uku a bakin direbobi, ko ɗaya bai iya sosai ba, amma da kowanne yana shara ƙarya ba gargada. Ya zama mai yi wa baƙi jagora, garin ya laƙaba masa Tafinta. Su baƙi labari suke so, masallacin kuwa ba shi da labarin da ya wuce an gina shi ana salla a ciki. Wata rana Tafinta yana jiran mutanensa su gama kwance igiyar takalma, idonsa ya faɗa kan shatin hannun. Nan take ya haifi waliyyi.

Ya ce hannun wanda ya kafa garin ne, shekara ɗari bakwai da suka wuce. Wai ayarinsa ya iso ƙishirwa na neman kashe su, sai ya yanke rabin yatsansa ya jefa a rami, ruwa ya ɓullo, shi ne rijiyar nan; sannan ya dafa bango don na baya su tuna. Wani baƙo mai kaifin ido ya tambaya me ya sa hannun hagu. Tafinta ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce na daman yana riƙe da carbi.

Da farko garin dariya ya yi. Mai shayin ƙofar masallaci ya riƙa tarar Magini da "Allah ya ba mu albarkacinka, waliyyi", Magini yana zaginsa tas. Amma motocin da a da suke tsayawa awa guda suka koma kwana biyu. Mai shayi ya ƙara benci, mai raƙuman haya ya ƙara raƙumi, tela ya fara ɗinka hannun a gaban riguna. Dariyar ta ɗauke a hankali kamar an yi shawara, alhali ba wanda ya yi shawara da kowa. Aka kafa allo mai rubutu, aka ɗaura igiya don a riƙa bin layi. Duk mai furfura a garin ya san hannun wane ne, kuma ko ɗaya bai buɗe baki ba. Magini ya wayi gari yana cin karo da hannunsa a ƙirjin ƙattin da bai san daga ina suka fito ba.

Ya kira Tafinta gida ya wanke shi soso da sabulu. Tafinta ya durƙusa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ai wasa ne, Kawu ya kwantar da hankalinsa, su baƙin ma ba yarda suke yi ba, abin ba da labari a gida kawai suke nema. Magini ya haɗiye fushinsa, don a wannan kam Tafinta bai yi ƙarya ba. Mutumin da bai yarda da komai ba, in ya dafa bango ya yi murmushi, ƙasa kawai ya taɓa.

Sai dai direbobi sun ɗauki labarin sun kai ƙauyuka da zangon makiyaya, kuma a can ba a matsayin wasa aka ji shi ba. Aka fara zuwa a kan jaki da a ƙafa, mutane masu salla, masu neman haihuwa da masu ciwon da ya ƙi jin magani. Waɗannan ba hoto suke ɗauka ba. Su sumbaci wurin, su shafa a fuska, su yi ta raɗa bukatunsu a cikin tafin. Nan Magini ya fara kasa cin abinci. Shi ba malami ba ne, amma ya san Wanda ake roƙo, ya kuma san wannan hannu: na hagu ne, wanda yake tsarki da shi. Ya kai shekarun da mutum ke yawan tunanin abin da zai tarar, kuma tsoro yake ji ƙwarai kada a tambaye shi yadda aka yi bayin Allah suka koma roƙon hannunsa a ƙofar ɗakin Allah, yana raye yana kallo.

Matarsa, wadda ta fi shi haƙuri amma ta fi shi baki, ta ce ita abin da ke ɗaure mata kai, hannun da ba ta yarda ya sa mata a kwano ba shi ne mata ke tafiyar kwana biyu su sumbata. Ya harare ta. Ta ce ya daina hararar ta, ba ita ta dafa bangon ba.

Ranar da abin ya kai maƙura, ya zo shiga ta zauren gab da la'asar, ya tarar da wata mata goye da jariri mai ciwon ido, tana kankare ƙasar tafin da bakin cokali tana tarawa a gefen mayafi. Ya tambaye ta me za ta yi da ita. Ta ce jiƙawa za ta yi ta ɗiga wa jaririn a ido. Magini ya san abin da ke cikin wannan ƙasa, tunda shi ya kwaɓa ta. Ya daka mata tsawa, ya ce kashin jaki ne da ƙaiƙayi, ta zubar ta kai ɗanta wurin likita. Matar ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba, ba wurinka na zo ba," in ji ta. "Wuce ka yi sallarka."

Nan zuciya ta ɗebe shi. Ya tsallake igiya, ya ture wani dogon baƙo da ke gaban layi, ya ɗaga hannun hagu ya nuna wa kowa, sannan ya ɗora shi a cikin shatin. Ya zauna daram, guntun yatsan ya faɗa cikin raminsa.

"Ga waliyyinku," ya ce. "Ku dube shi da kyau. Ni ne, kuma ko kaza ban taɓa warkarwa ba."

Sai matar ta kwance goyonta, ta cafke hannun nasa da hannu biyu, ta manna shi a fuskar jaririn tana kuka. Kyamarori suka hau walƙiya. Tafinta ya yi wuf ya matso. Ya juya ga baƙinsa ya gaya musu cewa yau sun taki sa'a, ga jikan waliyyin da kansa, a gidansu kowane zamani ana haifar mutum ɗaya da wannan alama. Magini bai ji harshen ba, amma ya ji tafin da aka yi. Ya fizge hannunsa ya fice, a gida ya yi la'asar ɗin.

Washegari ya je wurin Liman. Wannan Liman kuwa shi ne matashin nan da ya shigo a guje da albishir shekara talatin da suka wuce, a gaban idonsa aka dafa bangon. Magini ya ce ya hau mumbari ranar Juma'a ya faɗa wa mutane gaskiya. Liman ya yi ta juya carbi. Ya ce shi ko sau ɗaya bai taɓa cewa hannun waliyyi ne ba. Ya ce a duba rufin da aka sabunta, da famfunan alwala, da yawan gidajen da ke ci daga wannan zaure. Ya ce abu ne mai son hikima, a bi shi a hankali.

"Ba ka faɗa ba, Malam, na yarda," in ji Magini. "Amma kullum ta nan kake shiga, kana tsallake su."

Liman ya ce Allah ya huci zuciyarsa. Magini ya ce zuciyarsa lafiyarta lau, bango ne ke son gyara, kuma wannan aikinsa ne.

Ya koma gida ya kwaɓa ƙasa a bayan ɗaki, ya rufe ta. A kwana bakwai ɗin da take ruɓa ba ya fita sai salla, sallar ma ta ƙofar kudu, hannunsa cikin aljihu, domin an fara tare shi a hanya ana miƙo masa kawunan jarirai. Matarsa ta ga kwaɓin ta san na mene ne. Ta tambaye shi ko ya san za su raba shi da masallacin. Ya ce ya sani. Ta ce to ya sa tsohuwar riga, kada ya ɓata mai kyau.

Bai yi a ɓoye ba. Da hantsi ya zo, lokacin da motoci huɗu suka sauke mutanensu kuma layi ya kai har waje, da bokitin ƙasa a ka da buta a hannu. Ya kwance igiyar ya yar. Ya yayyafa wa shatin ruwa, ya jira ya sha, ya sa dutse ya karce shi. Tafinta ya iso a guje ya riƙe masa gefen riga.

"Kawu, don girman Allah. Abincin mutane ne."

"Sake ni, ko in haɗa da kai in shafe."

Ya sake shi. Magini ya ɗebi ƙasa da hannun dama ya maka, ya bi da tafi sama da ƙasa har wurin ya yi sumul ya haɗe da sauran bango. Warin ya kori rabin layin. Sauran rabin suka tsaya suna ɗauka, har wata ta yi masa alama ya ɗan juyo. Aikin bai kai rabin awa ba, kamar yadda ya sani tun shekara talatin. Ya wanke hannu ya ɗauki bokitinsa, kuma ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Bayan kwana uku aka kira shi gaban dattawan masallaci. Har da wani jami'i daga ofishin kula da kayan tarihi, ya zo daga birni da takarda, mutumin da ko a mafarki bai taɓa kwaɓa ƙasa ba, yana ta bayanin cewa an lalata abin tarihi. Magini ya ce ga tarihin nan zaune a gabansu, in suna so su kewaye shi da igiya su kafa masa allo. Ba wanda ya yi dariya. Dattawan nan da suka taso tare da shi, waɗanda ya yaɓe wa ɗakunan aurensu, suka yanke cewa daga yau kada ya sake taɓa bangon, a karɓi tsaninsa da makullin ɗakin kaya. Liman yana zaune yana kallon tabarma. Magini ya ajiye makullin a ƙasa, bai miƙa wa kowa ba. Ya ce musu kusurwar gabas tana son yaɓe kafin iska ta taso, wanda ya iya ya yi. Abin ya yi masa ciwo fiye da ranar azara, amma da ya tuna bangon ya koma bango, sai ya ji ya iya ɗauka.

Mako biyu bayan haka ya ce bari ya shiga azahar ta ƙofar arewa, ya ga yadda aikinsa ya bushe. Tun daga nesa ya hango layi. Igiya ta dawo, allon ma an sake masa fenti. Ya kutsa, ba wanda ya hana shi, ya tsaya a gaban bangon. Ga hannu nan sabo, daidai inda tsohon yake. Mai shayi ya biyo shi ya raɗa masa cewa labarin yanzu ya fi na da daɗi: an shafe hannun waliyyi, ya sake fitowa da kansa.

Magini ya duba da idon sana'a. An jiƙa yaɓensa an ɗora ɗanyar ƙasa a kai, ba ƙaiƙayi, ba a bar ta ta ruɓa ba, har ta fara tsagewa ta gefe. Hannun dama ne, kuma duk layin ba wanda ya kula cewa waliyyin ya sauya hannu. An lanƙwashe yatsan tsakiya don ya yi kama da guntu, ga shatin gaɓar nan ɓaro-ɓaro. Sai Magini ya ce alhamdu lillahi a fili. Wannan ba nasa ba ne, mai shi ya je ya ji da shi.

Har ya juya zai shiga, idonsa ya koma kan ƙaramin yatsan. A karkace yake, ya lanƙwasa ciki kamar ƙugiya. Haka na mahaifiyarsu yake. Haka na ƙanwarsa yake, ya tuna shi sarai a kan hannunsa ranar da ta riƙe shi tana kwance, ta ce ga ɗanta nan amana. A duk garin mutum ɗaya ne ya rage mai irin wannan yatsa, kuma ga shi can tsaye a bakin ƙofa da baƙi shida a bayansa, ya kasa ɗago kai.

Magini ya taka har gabansa. Baƙin suka ɗaga kyamarori suna jiran tsohon ya yi faɗan da aka ba su labari. Bai yi ba. Ya kama hannun daman Tafinta ya juya shi, ya dubi ƙaramin yatsan, ya daɗe yana duba.

"Ko ƙasar ma ba ka bari ta nuna ba," ya ce a hankali.

Ya sake shi, ya tuɓe takalmansa. A bayansa wata tsohuwa ta matso, ta ɗora leɓɓanta a tafin ɗan ƙanwarsa ta fara roƙo, shi kuwa ba shi da sauran izinin taɓa bangon.